Neman kayan birki a Kumasi bayan mota ta tsaya mana a Nkawkaw

Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa masu shiga Gana da motarsu, musamman mu mazauna Legas da ke bin hanyar Seme. A watan Agustan 2024 muka tashi daga Agege za mu biki a Aboabo, cikin Kumasi, ni da maiɗakina da yara da yayana, a Camry ɗina ƙirar 2004, wadda aka fi sani da Big Daddy. Takardun da ake tambaya a hanya duk muna riƙe da su: fasfo, katin allurar shawara, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, da takardun motar na asali. Muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga ta Aflawo, inda kwastan suka ba mu takardar shigar da mota ta wucin gadi mai wa'adi a jikinta. A Akra muka kwana, ranar Asabar da hantsi muka kama hanyar Kumasi, wadda tsawonta kusan kilomita 250 ne, amma manyan motoci da tudun rage gudu na kowane gari sukan sa ta ci rabin yini.

Tun bayan Suhum na fara jin sitiyari yana ɗan ja zuwa dama, motar kuma ta yi nauyi kamar an ƙara mata kaya. Muna dab da Nkawkaw, inda duwatsun Kwahu suke tsaye a gefen hanya, sai ƙauri ya cika motar. Na taka birki a wani tudun rage gudu, ƙafata ta nutse kusan ƙasa kafin motar ta amsa. Ban taɓa jin faɗuwar gaba irin ta wannan lokacin ba, don yara uku ne a baya suna barci. Na rage giya, na lallaba har na samu fili kusa da wani gidan mai na tsaya. Tayar gaba ta dama tana hayaƙi, ko kusa da ita ba a iya kai hannu. Wani yaro ya rugo da bokitin ruwa zai watsa, yayana ya tare shi, kuma daidai ya yi, domin faifan birki idan ya ɗauki zafi haka aka kwara masa ruwan sanyi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Muka ajiye alamar gargaɗi a bayan mota, muka zauna muna jiran ƙarfe ya huce da kansa.

Wani mai tsire da ke bakin gidan man ya ji muna magana, ya yi mana sallama da Hausa. Ɗan Zangon garin ne. Shi ya gaya mana cewa a nan idan kana neman makanike sai ka ce "fita", wato fitter a Turanci, ya kuma tura yaronsa ya kira mana wani da garejinsa ke bayan tasha. Mutumin ya zo da almajiransa biyu da akwatin kayan aiki, Turanci kaɗan yake ji, yawancin maganarsa da yaren Tuwi ce, mai tsiren yana fassara mana. Aka ɗaga mota da jak ɗina aka cire taya. Nan matsalar kayan aiki ta fara. Notin da ke riƙe da kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse takalman birki a jikin faifai, lamba 14 ne, sifanar Masta, wato makaniken, kuwa bakinta ya buɗe saboda tsufa, tana zamewa tana cin kan notin. Ni kuma abin da ke but ɗina bai wuce jak da sifanar taya ba. Da ƙyar aka aro wata a wajen mai faci aka kwance. Abin da muka gani ba shi da daɗin kallo. Takalmin birki na ciki ya cinye sai ƙarfe tsagwaronsa, faifan ya yi shuɗi-shuɗi da zane mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki, robar da ke rufe fistin, wato ƙarfen da ke tura takalmin daga cikin kalifa, ta yage, tsatsa ta kama fistin ɗin ya ƙi komawa. Masta ya yi wani gwaji da na yaba masa: ya sassauta ɗan notin fitar da iska ya sake tura fistin. Ya ce da tiyon birki ne ya toshe daga ciki, da zarar mai ya samu hanyar fita fistin zai saki. Bai motsa ba, don haka laifin na kalifa ne. Zafin gugar da take yi ne ya tafasa man birki, shi ya sa feda ta nutse.

Daga nan sai ya kawo shawarar da nake so kowa ya yi hattara da ita. Ya ce ba za a samu kalifar wannan motar a garin da yammacin Asabar ba, amma zai iya toshe bututun da ke kai mai zuwa wannan tayar, mu tafi Kumasi a hankali da birkin taya uku. Ya ce direbobi suna yi. Na san suna yi, kuma ba da mugun nufi ya faɗa ba, so yake ya fitar da mu daga halin da muke ciki. Amma yawancin ƙarfin tsayar da mota a tayoyin gaba yake, idan ɗaya ta daina kamawa, duk taka birki mai ƙarfi zai fizgi motar zuwa ɗaya gefen, wato a namu lissafin zuwa hagu, cikin hannun motocin da ke tahowa. Tsakaninmu da Kumasi akwai sama da kilomita 100, ga dare yana gabatowa. Na ce masa, "Masta, na gode, amma da iyali nake tafe." Yayana ya ce, "Gara a rasa ɗaurin aure da a rasa rai." Muka sa maiɗakina da yara a motar haya zuwa Kumasi, muka kira kawunta ya tarbe su. Aka mayar da taya, aka tura motar cikin harabar wani masauki mai maigadi, na biya sidi 200 kuɗin ɗaki, yayana ya zauna tare da motar. Na sa Masta ya ciro mini kalifa da takalman duka biyu da faifan, aka ɗaure bakin tiyon da leda don kada ƙura ta shiga, na zuba su a buhu. Na ɗauki hoton lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, na ɗauki takardun motar na asali a jikina, na bar wa yayana kwafi.

Lahadi ba a yi komai ba, domin kasuwar kayan gyara a rufe take. Wannan ranar ce na yi amfani da ita wajen neman kuɗi, wanda shi ma aiki ne mai zaman kansa. A lokacin katin bankina na naira ba ya cire kuɗi a waje, sidin da na canza a kan iyaka kuma na mai ne da abinci. Kawu ya haɗa ni da wani ɗan kasuwa a unguwarsu mai hulɗa da Najeriya, na tura masa naira ta waya, ya ƙirgo mini sidi a hannu, a kan kusan naira 100 kowane sidi ɗaya. Ya ba ni shawarar kada in shiga kasuwa da kuɗin gaba ɗaya a aljihu, a zuba rabi a asusun wayar ɗan Kawu, tunda a Gana kusan kowane mai shago yana karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. Haka aka yi. Wannan ɗan Kawun, saurayi ne da ya taɓa koyon gyaran lantarkin mota, shi aka ba ni ya zama ɗan rakiyata, kuma ba don shi ba da ban san inda zan sa kaina ba.

Litinin da sassafe muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Suame Magazin, da buhuna a kan cinya. Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci kasuwa ce mai ƙofa da layi-layi. Gari ne guda a arewacin Kumasi, daga shataletalen Suame ya miƙe ta hanyar Offinso, kuma ana lissafa shi cikin manyan matattarar masu gyaran mota a Afirka. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman sojan Ingila ta zamanin mulkin mallaka, wadda masu sana'ar farko suka fara zama kusa da ita. Ƙasar wajen baƙa ce wuluk saboda tsohon baƙin mai, ko'ina ƙarar guduma da walƙiyar walda, injuna a jibge, ƙofofin mota a jingine, yara suna tura baro cike da giyabos. Wanda ya san Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano zai gane tsarin: kowane sashe da abin da ya ƙware a kai, masu kayan Jamus daban, masu kayan Japan daban, masu sabo daban da masu na hannu. Tun daga bakin titi samari suka yi mana caa, kowa yana so ya karɓi buhun ya kai mu. Ɗan rakiyata ya ce, "Yaya, kar ka saki kayanka ga kowa, kuma kar ka yi magana sai mun isa." Waɗannan 'yan kamasho ne, ladarsu a kan farashinka ake ɗora ta.

Shagon farko na sabbin kaya ne. Na ce Camry 2004, takalmin gaba, yaron shago ya miƙo kwali ba tare da ya tambayi komai ba. Na buɗe na ɗora sabon a kan tsohon da na zo da shi. Tsawonsu ya yi kusa, amma kunnuwan da ke shiga cikin maƙalin sun bambanta, ba zai zauna ba. Yaron ya dage cewa shi ne, wai a ɗan goge gefen da injin gurza zai shiga. Na mayar masa. A shago na gaba muka tarar da wani dattijo Bahaushen Kumasi, da tabarau a kan hanci, yana shan koko. Bai ko dubi buhun ba sai da ya ce, "Ɗana, ina lambar shasi?" Na nuna masa hoton. Ya sa yatsa a kan harafin farko ya ce, "Taka ta Japan ce." Nan ya yi mini bayanin da ya kamata duk mai mota ya sani. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma na farkon yana nuna ƙasar da aka haɗa motar. Idan J ne, Japan ce, idan 1 ko 4 ko 5 ne, Amurka ce. Camry ta waɗannan shekarun an haɗa wasu a Japan, wasu a jihar Kentaki ta Amurka, kuma takalmin birkinsu na gaba ba ɗaya ba ne, ko da a ido motocin ba su da bambanci. Ya tura yaro ya ɗauko kwali biyu, ɗaya sidi 180, ɗaya 340. Na ce, "Baba, wanne za ka sa wa motarka?" Ya buɗe mai arhar ya nuna mini yadda bakin abin gugar yake marmashewa idan an kankare shi da makulli, ga shi ba faranti na bayansa, ba ƙarfen da ke yin ƙara idan ya kusa cinyewa. Na ɗauki mai tsadar, ya rage mini zuwa 320. Kwalin guda huɗu ne, na taya biyu, kuma haka ake sa su, ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya.

Kalifa ce ta fi cin lokaci. Hanya biyu ce: ko a sayi robobi da sabon fistin a gyara tsohuwar, ko a sayi ta hannu wadda aka ciro daga motar da aka shigo da ita daga waje, irin wadda muke ce wa Beljiyam. Baba ya duba tawa ya ga tsatsa ta ci har cikin ramin, ya ce gyara ba zai daɗe ba. Ya haɗa mu da yaronsa zuwa sashen masu kayan ƙafa, can ciki, ta wasu lunguna masu taɓo. A can aka zube mana tarin kalifa a ƙasa muna tonawa. Mun samu wadda ta yi daidai da tawa ta kowace fuska, har an fara ciniki, sai ɗan rakiyata ya lura ta hagu ce. Ana gane wannan ta wurin notin fitar da iska: idan aka ɗaura kalifa a mazauninta dole ya kasance a sama, don iska sama take taruwa. Idan aka sa ta hagu a dama zai koma ƙasa, kuma ko yini aka yi ana fitar da iska birki ba zai yi tauri ba. Sai wajen azahar aka samo ta dama a wani shago. Kafin in biya na sa aka tura fistin da matsi na ga ya koma sumul, na duba robar ba yagewa, na zaro sandunan nan biyu da take zamewa a kansu na ga ba su kafe ba, na kuma sa aka gwada kwance notin iskar a gabana, domin idan ya karye a ciki an yi asarar kalifar. Sun fara da sidi 750, muka daidaita a 550, da sharaɗin idan ta yi yoyo zan dawo da ita. Na sa mai shagon ya rubuta wannan a bayan rasit da lambar wayarsa. Faifan kuwa mun kai shi wajen masu injin sassaƙa ƙarfe. A jikin kowane faifai an buga mafi ƙarancin kaurin da ya halatta, mai injin ya auna ya ce idan ya share zanen nan zai gangara ƙasa da wannan lambar. Na ji daɗin gaskiyarsa, don da ya so da ya karɓi kuɗina ya sassaƙa. Na sayi sabbin faifai biyu a kan sidi 900.

Saura kayan aiki, tunda na ga abin da ke akwatin Masta. A bakin babban titin Magazin akwai masu baza su a tebur. Na sayi soket lamba 14 da 17 masu kusurwa shida tare da doguwar mariƙa, domin mai kusurwa shida ba ya cin kan noti, sai ƙananan sifana masu zobe lamba 8 da 10 saboda notin iska, da matsin tura fistin, da burushin ƙarfe, da ɗan siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki. Duka sidi 290. Motocin Japan da ma'aunin milimita suke, a lura da wannan, don a teburin akwai na inci a gauraye, kuma suna kama da juna. Man birki na duba murfin tankin motata tun a Nkawkaw, DOT 3 aka rubuta. Ana iya haɗa shi da DOT 4, amma DOT 5 jinsinsa daban ne, ba a kusantar da shi. Na sayi kwalba biyu a rufe da hatiminsu, sidi 60 kowace, na ƙi wanda ake aunawa daga galan, saboda man birki yana shan danshin iska, wanda ya sha ruwa kuma da wuri yake tafasa. Sai ɗan kwalin giris na roba don sandunan kalifa, domin giris na gama-gari yana kumbura robar, da washa, wato ƙananan zoben jan ƙarfe, guda biyu sababbi na bakin tiyo, waɗanda kuɗinsu bai kai na ruwan sha ba amma rashinsu yana sa yoyo.

Da yamma na kama motar Nkawkaw, washegari da safe aka fara aiki a harabar masaukin. Na roƙi Masta kada a dogara da jak kaɗai, aka samo katako mai kauri aka tokare motar. Aka goge mazaunin faifai da burushi, aka wanke man da ke jikin sabbin faifan, aka ɗaura komai gefe biyu. Fitar da iska ni na zauna a kujerar direba, Masta yana ƙasa da tiyon a cikin kwalba, yayana yana tsaye kan tanki yana ƙara mai don kada ya ƙafe iska ta sake shiga. Daga tayar baya ta dama aka fara, sai baya hagu, sai gaba dama, aka ƙare da gaba hagu. Sai Masta ya ce taka, in taka sau da yawa, ya ce riƙe, in danne, ya buɗe noti feda ta sulale ƙasa, ya rufe kafin in ɗaga ƙafa. Man da ya fara fitowa baƙi ne da kumfa, aka yi ta yi har ya koma garau. Na sa aka danne feda na ɗan lokaci muka leƙa bakin tiyo da fistin, ba ɗigo. Kafin mota ta motsa na taka birki har ya yi tauri, domin bayan an tura fistin ciki takun farko ba ya kama komai, kuma mutane sun sha buga bango a gareji saboda wannan. Muka fita wata hanya marar cunkoso, na riƙa ɗaukar gudu kaɗan ina ragewa a hankali don takalman su zauna a jikin faifai, sannan muka tsaya muka kai hannu kusa da tayoyin gaba, zafinsu ɗaya. Na biya Masta sidi 300, na ba yaransa na abinci, na bar masa soket lamba 14. Mai tsiren ya ƙi karɓar komai, ya ce baƙo amanar Allah ne.

Idan aka haɗa kaya da kayan aiki da ladan gyara da masauki da kuɗin mota, abin ya haura sidi 3,000. Ɗaurin aure ya wuce mu, amma mun samu walima, kuma wa'adin takardar kwastan bai cika ba. Wanda gyara zai ja masa lokaci ya riƙa duba wannan ranar, ya je ofishin kwastan tun kafin ta cika, kada ya bari sai a kan iyaka. Ga wanda zai yi irin wannan tafiyar, a cire tayoyin huɗu a duba birki da ido tun a gida, ba a tsaya ga jin cewa yana kamawa ba, a duba robar fistin da sandunan kalifa, a canza man birki idan ya yi duhu. A sa saitin takalmin gaba ɗaya a but tare da kwalbar mai a rufe da soket ɗin da suka dace da motar, ba su da nauyi kuma ba su cin wuri. Idan abin ya faru a hanya, kada a shiga kasuwa da sunan mota da shekararta kawai, a tafi da tsohon ƙarfen a hannu da hoton lambar shasi, a ɗora sabo a kan tsoho kafin a biya. A nemi Zango a nemi masallaci, a samu ɗan gari ya shige gaba. Wanda motarsa ta tsaya ta wajen Akra ba sai ya zo Kumasi ba, Abosi Okai ce kasuwar kayan gyara ta can, ita ma ranar Lahadi yawancin shagunanta a rufe suke.